Gyaran kwamfuta: yaya zan shawo kan mai gida ya ɗauke ni aiki na dindindin?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a Garwa ta ƙasar Kamaru, gyaran kwamfuta nake yi. Akwai wani kamfanin dakon kaya da ke kirana duk sanda abu ya lalace, in gyara su biya ni na ranar in tafi, wani lokaci har da dare ake nemana wai rezo, wato layin intanet, ya ɗauke ko firinta ta ƙi. Ina so su ɗauke ni dindindin da kontira, amma mai gidan ya ce me zai sa ya biya albashi duk wata tunda in ya kira ina zuwa. Me zan ce masa? — Mai karatu daga Garwa

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka ji haushin mai gidan nan, ɗan kasuwa ne, tambayarsa tana kan hanya. Kuma don Allah kar ka je masa da zancen ina da iyali ga kuɗin haya, zai tausaya maka ya ba ka na mashin amma ba zai sa hannu ba. Lissafi za ka kai masa.

Ka samu littafi daga yau, duk kiran da suka yi ka rubuta rana, abin da ya lalace, awa nawa aiki ya tsaya kafin ka iso, mutum nawa suka zauna suna kallon juna. Shi kuɗin gyaran da ya miƙa maka kawai yake gani, bai taɓa haɗa asarar ranar da mota ta gama lodi za ta Ngaundare ko Kuseri takardar kaya ta ƙi fita, direba yana zaune a inuwa, mai kaya yana ta bugo waya, kai kuma kana can wata unguwa hannunka cikin injin wani ba. Wannan asarar ita ce hujjarka.

Sai ka nuna masa aikin da mai zuwa ya tafi ba ya yi. Ƙurar hunturu tana toshe fankar inji, zafin Maris da Afrilu a Garwa yana wuce digiri 40, wuta tana ɗaukewa ta dawo da ƙarfi, batirin ondilar, na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke, ya mutu ba wanda ya lura sai ranar da akawu ya rasa aikin wuni guda. Wa ke kwafe bayanansu ya ajiye a wani wuri? Ka tambaye shi haka kai tsaye. Ga haraji da ake cikewa ta intanet kafin 15 ga wata, ga Windows 10 da Microsoft ta daina kula da ita tun 14 ga Oktoba 2025, ka ƙirga masa injunan da har yanzu ke kanta.

Kuma ka faɗi gaskiyar abin da za ka ci masa, ba albashi kaɗai ba ne, akwai CNPS, wato asusun inshorar ma'aikata, na fansho shi 4.2 cikin 100 na albashin kai ma 4.2, ban da kason iyali da na haɗarin aiki da ke kansa. In kai ka fara kawo wannan zai san da gaske kake.

In ya yi nauyin baki, ka ba shi ƙofa. Dokar aiki ta 1992 ta yarda da gwaji har wata 6, kontira mai wa'adi (CDD) kuma ba ta wuce shekara 2, sau ɗaya ake sabuntawa, in aka zarce ta koma mara wa'adi (CDI). A rubuce dai, ba a baki ba.

Amma fa in kwamfutocinsu ba su fi biyar ko shida ba, ni a ganina aikin bai kai na mutum guda kullum ba, gara ka nemi kuɗin wata tsayayye, kana zuwa kwana biyu a sati. Sannan kar ka riƙe lambobin sirrinsu don su ji tsoron rasa ka, wasu na yi kuma ba kyau, ka rubuta su a ambulan ka damƙa wa mai gidan ranar da za ka kai masa littafin.