Digirin Dakta a Injiniyancin Haƙa Hanyoyin Ƙarƙashin Ƙasa: Ina Za a Nufa?

Ɗan'uwa, ka ce kana da digiri na biyu a injiniyancin gine-gine, kana son yin dakta a fannin haƙa hanyoyin ƙarƙashin ƙasa, amma ba ka san inda za ka dosa ba. Ga abin da zan ce maka.

Kafin ka zaɓi jami'a, zaɓi malamin da zai duba aikinka. Shekara uku zuwa biyar za ka yi a hannunsa, don haka karanta binciken da ya wallafa, ka ga ko hankalinka ya kwanta da shi.

Wuraren da suka yi suna: Colorado School of Mines a Amurka tana da shiri na musamman kan wannan fanni har matakin dakta. A Ostiriya akwai jami'ar Leoben, wadda ke da wurin gwaji a cikin dutsen Erzberg, inda ɗalibai ke aiki a ramuka na gaske. Jami'ar Tongji da ke Shanghai ta ƙware a ƙasa mai laushi, NTNU, jami'ar kimiyya da fasaha ta Norway, kuwa a dutse mai tauri.

Wannan bambancin shi ne ƙashin bayan lamarin. Ramin jirgin ƙasa na Gotthard a Suwizalan, mai tsawon kilomita 57 da aka buɗe a 2016, matsalarsa nauyin dutse ce da zafi. Ramin cikin birni kuwa, fargabarsa ruwa ne da nutsewar gidajen da ke sama. Wanne ya fi jan ranka?

Ni dai ina roƙonka ka yi ko da shekara ɗaya a wurin haƙa kafin ka fara, domin lissafin kwamfuta ba ya nuna maka yadda dutse ke tsagewa. Kuma kada ka karɓi gurbin da babu tallafin kuɗi a cikinsa.