Aikin Kwarangwal a Makarantar Yara: Amsa Ga Yarona

Yaro, saƙonka ya iso. Ka ce wata makarantar naziri ta ba ka aikin zana kwarangwal a bangon aji, kuma suna so ka zauna da yara 'yan shekara huɗu zuwa shida ka koya musu yin hoton ƙashi da hannunsu, irin wanda ake ɗauka a asibiti. Kana tambaya ta ina za ka fara. Ban yi niyyar amsa maka yau ba, aiki ya sha mini kai, amma kalmar kwarangwal ɗin nan ta fama mini wani ciwo da har gobe bai warke ba.

Kafin ka taɓa burushi, zana abin a takarda, mai makarantar ta sa hannu a kai, ka karɓi kafin alƙalamin da zai rufe kuɗin kaya gaba ɗaya.

Shekarun baya wata mai makaranta a nan Kano ta kira ni irin wannan aiki. Kwarangwal mai tsayin mutum a bango, da wani na filawud wanda gaɓoɓinsa ke motsi, don yara su riƙa lanƙwasa gwiwa da hannu. Ban yi mata aikin ganin ido ba. Na je wurin wani abokina mai ɗaukar hoton ƙashi, ya ɗora mini fim a gaban fitila, na zauna ina ƙirgawa. Na je wurin mahauta na karɓi ƙashin cinyar akuya don in ga yadda kansa ke zama a cikin ƙugu. Kowane ƙashi daban na yanke shi da ƙaramin zarto, na goge bakinsa sumul don kada sartse ya shiga hannun ɗan wani, na haɗa gaɓoɓin da noti mara kaifi. Rabin kuɗi ta bayar, sauran kayan daga aljihuna suka fito, saboda wanda ya haɗa mu dattijo ne da nake jin nauyinsa.

Ranar da na gama ta yaba, har ta kira malamai su zo su gani. Da na koma karɓar ciko sai zance ya juya. Wai iyaye sun yi ƙorafi, yara na firgita, an zana musu fatalwa. Na ce na ji, a bar ni in sassauta fuskar. Ta ce a'a, aikin bai karɓu ba. Na ce to a ba ni na filawud ɗin in tafi da abina. Ta ce yana sito, mai makulli ba ya nan. Haka na yi ta zarya, yau tana taro, gobe ta yi tafiya, har maigadi ya daina buɗe mini ƙofa. Ana nan sai lokacin bikin yaye ɗalibai ya zo. Maƙwabcina da 'yarsa ke makarantar ya nuna mini hotuna a waya: ga kwarangwal ɗina a tsakiyar fili, yara sun kewaye shi suna rera sunayen ƙasusuwa, an kuma sanar a lasifika cewa malaman makarantar ne suka ƙera shi. Bangon ma ba a shafe ba, yana nan yadda na bar shi. Kuɗin ya yi mini ciwo, amma raba ni da aikina a gaban jama'a ya fi ciwo. Na bar ta da Allah, ban kuwa yafe ba.

Ƙorafin nata ƙarya ne, amma tsoron yara gaskiya ne, don haka kada ka fara musu da ƙoƙon kai. Fara da hannunsu. Baƙin kwali da farin alli sun isa. Yaro ya ɗora tafinsa, ka zagaye masa, sannan ka ce ya matsa yatsansa ya ji abu mai tauri a ciki. Daga nan ku ƙirga tare: kowane yatsa gaɓa uku, babban yatsa biyu, ya zama 14. Tafin hannu 5, wuyan hannu 8, duka 27. Ƙananan ka tsaya musu a yatsu da tafi. Masu shekara shida za su iya manna tsinken ashana da aka cire wa kai, amma 'yan shekara huɗu komai baki suke kai shi, alli kawai za ka ba su.

Za su tambaye ka me ya sa takardar baƙa ce ƙashin kuma fari, kuma kada ka tsaya kana sosa ƙeya. Hasken na'urar ɗaukar hoton ƙashi yana ratsa nama ya wuce, ƙashi kuma ya tare shi saboda sinadarin kalsiyam da ke cikinsa, shi ya sa ƙashi ke fitowa fari, wurin da iska take kamar huhu ya fito baƙi. Ka rufe taga, ka haska tocila a bayan yatsun yaro, su ga jan haske ya ratso nama. Ba shi ne hasken asibitin ba, ka faɗa musu haka, amma za su kama zancen. Ka kuma ba su labarin Bajamushen nan Wilhelm Röntgen da ya gano hasken a 1895, ya ɗauki hoton hannun matarsa, zoben da ke yatsanta ya fito tare da ƙasusuwan. Yara mata za su so su ƙara zobe a nasu, ka bar su.

Akwai abin da yawancin masu zane ba su sani ba. Hannun ƙaramin yaro a hoton ƙashi ba irin na babba ba ne. Wuyan hannunsa da sauran guringuntsi, shi kuwa guringuntsi ba ya fitowa fari, sai ka ga sarari tsakanin ƙasusuwa. Jariri na zuwa duniya da ƙasusuwa wajen 270, wasu su haɗe da juna yayin da yake girma, har su tsaya a 206. Faɗa wa yaro cewa ya fi babansa yawan ƙashi ka ga yadda zai washe baki.

Batun shafe bango, awon girma da haɗa fenti ba zan ɓata bakina a kai ba. Wanda ya zauna a shagona bai iya wannan ba, to ba zama ya yi ba. Abin da nake ji maka shi ne halin yaran yanzu: a buɗe waya, a ɗauko hoton katun, a kwafe. Sai ka ga hannu da ƙashi ɗaya daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu alhali biyu ne, ƙwauri ma biyu ne, haƙarƙari kuma an jera shi kamar tsani ba ƙirga. Haƙarƙari 24 ne, 12 kowane gefe. Cinya ƙashi ɗaya, shi ne mafi tsawo a jiki. Wuya 7, daidai da na raƙumin dawa duk tsawon wuyansa. A cikin iyayen nan za a samu ma'aikacin asibitin ƙashi na Dala, ko wanda gidansu gidan ɗori ne. Zai tsaya ya ƙirga, kuma sunana za a kira a ce ni na koya maka.

Kwarangwal ɗin bangon ka sa shi a cikin siffar yaro mai buga ƙwallo, layin jiki ya zagaye shi, don su gane nasu ne a ciki. Ramin ido kada ya yi zurfi da baƙi, haƙora kada su fito a yashe.

Ka kawo mini zanen ranar Asabar kafin ka kai mata, a takarda, ba a waya ba. Yatsun zan fara ƙirgawa.