Ƙululun da ya fito a gindin inabin nan, kar ka yanke ka kai kasuwa

Sani, na ga hotunan da ka turo min jiya da daddare, na kuma saurari saƙon muryarka har sau biyu. Tambayarka dai ita ce, wannan ƙululun da ya fito a gindin dashen inabin da ke layin bayan rijiya mene ne, kuma in ka sa reza ka gyare shi ka shafa toka kamar yadda wani ya ce maka, za a iya lodawa a kai Kano ranar Asabar? Toh amsa a taƙaice a'a, ko leda ɗaya kar ta fita daga lambun nan sai na dawo. Amma tunda ka ce kana son sanin dalili, zauna ka karanta, don wannan aikin in ba ka san dalilin abu ba gobe wani zai sake ce maka ka shafa toka ka kuma shafa.

Da farko ba kowane kumburi ne ciwo ba, kar ka je ka tuge min lafiyayyun dashe. Inda muka yi wa mangwaro aure, wato muka haɗa reshen wani a jikin wani, ka ga wurin ya ɗan tasa, wannan tabon warkewa ne, sumul yake kuma in ya haɗe ya daina girma. Wanda kake gani a saiwar tumatir da kuɓewa a fadama kamar an jera carbi, tsutsar ƙasa ce ƙanana da ido baya gani, ita ma matsala ce amma daban. Na saiwar gyaɗa da wake kuwa, waɗanda in ka sa farce za su ɓalle ka fasa ka ga cikin ja-ja, wannan alheri ne, taki suke haɗa wa shukar. Naka na hoton nan fa? Duba shi da kyau da safe. Yana daidai inda kara ya haɗu da ƙasa, fuskarsa kurji-kurji ce kamar kan farin kabeji, sabon yana da laushi da ɗan haske, in ka danna da babban yatsa zai ɗan lotsa, tsohon kuma ya yi baƙi ya taurare yana tsattsagewa kamar busasshen ɓawo. Ba shi da tsari, ba ganye ba saiwa, nama ne kawai ya taru a kan nama. Ni a ido na ciwon ƙarin gindi ne, duk da dai hoto ba ya kai hannu, shi yasa nace a jira ni.

Abin da ke kawo shi wata ƙwayar cuta ce ta bakteriya da ke zaune a ƙasa, sunanta na boko Agrobacterium tumefaciens, inabi kuma yana da wata 'yar uwarta da ta fi damunsa, aikinsu iri ɗaya ne. Tun 1907 wasu masana biyu a Amurka, Erwin Smith da Townsend, suka tabbatar ita ce. Amma kafin ka gane dabararta sai ka fara gane yadda ita shukar take tafiyar da kanta.

Ka tuna zogalen da na sa ka datse wa kai bara, kana ta ƙorafi wai na lalata shi, bayan sati biyu ya fito da rassa ta ko'ina? Toh ba sihiri bane. A jikin shuka akwai sinadarai da ke kai saƙo, biyu daga ciki su ne suka shafe mu. Ɗaya ana ce masa oksin, a ƙoƙon tsiro can sama ake yinsa ya gangaro ƙasa, yana hana idanun da ke gefen kara buɗewa, kuma shi ne mai sa a yi saiwa, garin nan da muke tsoma gindin yanke a ciki kafin mu kafa ai danginsa ne. Ɗayan kuma saitokinin, mafi yawansa daga bakin saiwa yake tasowa ya bi ruwa ya hau, aikinsa ya ce wa ƙwayoyin jikin shukar ku rabu biyu ku yawaita, ya tada idanun da ke barci, ya kuma hana ganye saurin tsufa ya yi ɗorawa. Da ka datse kan zogale ka cire mai cewa a tsaya, sai muryar mai cewa a fito ta yi rinjaye.

Yadda aka gano saitokinin ma abin dariya ne. Tun wajen 1941 an lura in aka zuba ruwan kwakwa wa ɗan tsiron da ake reno a kwalba sai ya yi ta girma, ba a san mene ne a ciki ba. Sai 1955 a jami'ar Wiskonsin, Carlos Miller da Folke Skoog suka ciro sinadarin farko daga DNA na kifi, wato littafin gadon da ke cikin ƙwayar kowace halitta, suka sa masa suna kinetin. Na cikin shuka na asali kuwa daga ɗanyar masara aka fara ciro shi a 1963, shi yasa ake ce masa ziyatin, daga sunan masara na boko. Masarar nan da kake gasawa a bakin lambu.

Abin da ya fi burge ni shi ne gwajin da su Skoog suka fitar a 1957. Suka ɗauki ɓargon karan taba suka sa a kwalba. In saitokinin ya fi yawa sai ya fito da tsiro da ganye, in oksin ya fi yawa sai ya yi saiwa, in kuma an zuba duka biyun da yawa kusan daidai wa daida sai ya ƙi zama komai, ya yi ta tara nama curi guda ba kai ba gindi. Ka riƙe wannan na ukun, shi ne abin da ke cikin ledarka.

Ita ƙwayar shuka tana da abin da ke jin saitokinin, kamar kunne, an gano shi a 2001. In sinadarin ya zo ya zauna a kansa sai a fara miƙa saƙon daga wannan furotin zuwa wancan, wato ƙananan ma'aikatan cikin ƙwayar, kamar ranar da ake zuba dakin a gini ana miƙa kwanon kankare hannu da hannu har ya isa sama, a nan saman ita ce cibiyar ƙwayar inda littafin gadonta yake, can ake buɗe shafin da ya ce a rabu. Kuma cikin shafukan da ake buɗewa har da wanda zai dawo ya ce ya isa haka, ga kuma wani sinadarin da ke farfasa saitokinin ɗin in ya yi yawa. Wato lafiyayyar shuka tana da totur tana da birki.

Yanzu ga ɓarauniyar, wato bakteriyar nan. Bata iya huda lafiyayyen ɓawo, sai ta sami rauni, yankan wuƙar aure, saran fartanya lokacin noma, cizon gara ko tsutsa, ko saiwar da ta tsinke garin ciro leda. Rauni yana fitar da wani ruwa, ita kuma tana jin ƙamshinsa sai ta biyo ta manne. A cikinta akwai wani ɗan zoben DNA, sai ta kwafi gutsure daga jikinsa ta tura cikin ƙwayar shukar, gutsuren ya je ya shige cikin littafin gadon shukar ya zauna daram kamar dama can nasa ne. Mutanen jami'ar Gent a Beljiyam, Jeff Schell da Marc Van Montagu, su suka gano zoben a 1974, sai Mary-Dell Chilton da abokan aikinta a Amurka suka nuna a 1977 cewa wallahi gutsuren yana cikin shukar. Me aka rubuta a jikinsa? Umarni ne, ki yi ta haɗa oksin, ki yi ta haɗa saitokinin, kar ki tsaya. Birkin shukar bai isa ya tare wannan ba. Ga kuma umarni na uku, ki dafa wani abinci da ake ce wa ofin, wanda ita shukar bata iya ci, yawancin sauran ƙwayoyin ƙasa ma basa iya ci, sai ita mai aiken. Kaga baƙo ya shigo gidanka ya sa iyalinka suna ta gina masa ɗakuna suna dafa masa tuwon da shi kaɗai ke iya haɗiya, da hatsin rumbunka.

Shi yasa maganar toka bata taso ba. Wani masani Armin Braun tun shekarun 1940 ya nuna ko babu sauran bakteriya ko ɗaya a cikin naman ƙarin, in ka ɗebo shi ka sa a kwalba zai ci gaba da girma ba tare da an zuba masa ko ɗigon sinadarin ba, alhali lafiyayyen nama sai an bashi. Ƙwayar shukar ta riga ta canza. In ka yanke ka bar ko ɗan kaɗan zai dawo, ka kuma buɗe sabon rauni, rezarka kuma ta kwashi cutar ta kai wa na gaba. Maganin ƙwarin da ka ce ko a fesa, asarar kuɗi ce, ba ƙwaro bane. A inabi ma abin ya fi muni don cutar tana bin cikin jijiyar kurangar, sai ka yanko reshe mai kyau sumul daga uwar da ke ɗauke da ita ka kafa, bayan watanni ƙari ya fito.

Ni ya taɓa cina, shekarun baya na sayo yanke wajen wani mutum saboda araha, ban je na ga uwar ba. Suka kama suka yi kyau na sayar wa wani Alhaji mai gona, bayan shekara ya kira ni, kurangun sun tsumbure ganye ƙanana, na tona gindi na ga abu kamar dunƙulen hannu ya shaƙe karan, ruwa baya hawa yadda ya kamata. Kuɗin da na mayar bai dame ni ba kamar kallon da ya yi min.

Wani abin mamakin, wannan dabarar tata ita masana suka ara. Suka cire umarnin ƙari daga gutsuren suka sa abin da suke so, ita kuma ta kai musu aike. Waken nan SAMPEA 20-T mai jure tsutsar da ke huda kwanso, wanda cibiyar binciken noma ta Samaru Zariya ta fitar a 2019, ta wannan hanyar aka shigar masa da wannan juriyar. Mutane na ta gardama a kansa, wannan hirar wata rana ce. Dankalin Hausa kuwa a 2015 aka gano yana ɗauke da gutsuren DNA na wannan bakteriyar tun fil azal, ba hannun kowa, muna ta ci da ƙuli.

Gobe da sassafe kafin ka yi ban ruwa, ka bi layin leda-leda ka ɗan tone gindin kowanne da yatsa, duk mai ƙululu ka ware shi da ledarsa da ƙasarsa can bayan shinge inda ruwa baya gangarowa cikin lambu, kar ka zazzage ƙasar ka ce za ka sake cika wata leda da ita, cutar tana iya shekaru a ƙasa. Ka bar min guda biyu in gani da idona, sauran in na tabbatar za mu ƙone. Waɗanda ke maƙwabtaka da su ka ɗaura musu tsumma ja mu zuba musu ido wata biyu. Wuƙaƙe da almakashi duka ka wanke, ka jiƙa su a ruwan bilic, murfi ɗaya a murfi tara na ruwa, ka ɗauraye ka goge ka shafa musu mai don yana sa tsatsa, kuma daga yau tsakanin uwa da uwa sai an goge wuƙa da sifirit ko ana sauri. Wurin da ledojin suka zauna kar a sake jera dashe a kai bana, mu zuba masara ko dawa, dangin ciyawa ba ta cika kama su ba. Sannan ka je wajen uwar inabin nan ta kusa da tanki inda muka yanko su, ka duƙa ka duba gindinta da hannu har ƙasa, ka ɗauko min hoto ta kowane ɓangare. Ka gaida su Inna.