Advice da advise, wanne ake sawa a ina?

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni ɗaliba ce daga Unguwar Rimi, ina shirin rubuta WAEC. Na rubuta "please advice me" a wasiƙa sai malaminmu ya ja mini jan biro a kai kuma bai yi bayani ba. Wai ba abu ɗaya ba ne da advise?

Amsa: Yawwa 'yata, gaskiyar malaminki ce, ba ɗaya ba ne. Advice mai c suna ne, wato ita shawarar kanta da ake bayarwa ko a karɓa. Advise mai s kuma aikatau ne, shi ne aikin ba da shawarar. To kin ga abin da kika rubuta kamar ki ce "don Allah shawara ni" ne, ai ko a Hausa ba ta zauna ba. Daidai shi ne "please advise me", ko kuma "please give me some advice".

Furucinsu ma ya bambanta, na farko da sautin s yake ƙarewa, na biyu da z, amma mu nan duk s muke cewa shi ya sa idan an zo rubutu hannu ke rikicewa. Aikatau ɗin ne kaɗai ke canzawa da lokaci, advised, advising, kamar "the doctor advised him to rest". Babu wani abu wai shi adviced a Turanci, duk da kullum ina ganinsa a Facebook har daga masu digiri.

Amma inda aka fi faɗuwa wallahi ba nan ba ne. Advice suna ne da ba a ƙirgawa, ba a sa masa "an" a gaba, ba a ƙara masa s a baya, mu kuma da yake muna da shawara da shawarwari sai mu ɗauka can ma haka ne, mu rubuta "an advice" ko "advices", kuma duka biyun mai maki zai soke su. Idan guda ɗaya kike nufi ki ce "a piece of advice". Haka information da furniture da luggage suke.

Practice da practise ma wannan tsarin suke bi a Turancin Ingila wanda makarantunmu ke koyarwa, c suna, s aikatau, sai dai su furucinsu ɗaya ne. 'Yan Amurka practice suke rubutawa a duka biyun, saboda haka in wayarki ta ja layi a ƙarƙashin practise kar ki biye mata, ki duba saitin yaren kibod ɗin tukuna.