Wai basira daga uwa kaɗai ake gadonta?

Assalamu alaikum. Yaya, na ga saƙon da kika turo, wai yaro daga uwa kaɗai yake gadon basira. Na gane inda maganar ta dosa, yaron nan ne da ya zo na ƙarshe a aji, ana neman a jingina wa uwarsa. To gaskiya ba haka abin yake ba.

Gado kam akwai, ban musa ba. A Minnesota ta Amurka, tun 1979 wani masani Thomas Bouchard ya riƙa nemo tagwaye masu kama ɗaya da aka raba tun suna ƙanana, kowa ya tashi gidansa daban, aka gwada su, sakamakon ya zo kusa da juna ƙwarai. Amma ba wata ƙwayar halitta guda ba ce da za a ce ga ta nan, ta uwa ce. A 2018 an duba mutum sama da miliyan ɗaya, aka samu wurare fiye da 1,200 a jikin ƙwayoyin gado, kowanne tasirinsa ɗan mitsitsi, kuma ta uba da ta uwa duk suke zuwa. A'a, bari in gyara, su shekarun karatu suka auna, ba basira kai tsaye ba. Duk da haka dai.

Ki tuna Zamfara a 2010, Anka da Bukkuyum, da ake daka dutsen zinare a tsakar gida. Gubar dalma ta kashe yara sama da 400, da yawa cikin waɗanda suka rayu ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Wannan gadon wa ne? Haka ƙarancin aidin, shi ya sa ake zuba shi a gishiri.

Ni kaina, ina aji uku a firamare, wani malami kullum daƙiƙi yake kirana gaban yara. Shekara biyu cur! Ashe allo ne ba na gani daga baya. Bai taɓa tambayata ba, ko sau ɗaya, sai bulala. Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake. Da Baba ya yarda da shi, da an cire ni an kai ni kasuwa, kin san an yi maganar... to, a bar wannan.

Don Allah a kai yaron nan a duba masa ido da kunne, a kuma bincika ko yana karyawa kafin ya fita. Zan kira ki bayan Magariba.