Tambayi Anti: Ina rainon yaran mutane a gidana a Ingila, wai dole sai da rajista?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, sannu da ƙoƙari Allah ya saka da alheri. Ni dai shekarata 3 a Ingila, maigidana na biyo yana aikin asibiti, yarana biyu babbar shekararta 6 ƙaramin 2. To wasu mata biyu da muke haɗuwa a islamiyya suna aikin kula da tsofaffi shi ne suka fara kawo min yaransu in za su tafi aiki tun safe har yamma, ƙarshen sati su ba ni ɗan wani abu, yanzu ma wata ta uku ta yi min magana. Wallahi ina son yara kuma zaman nan haka kawai ya ishe ni, amma wata ta tsorata ni wai in ba ni da rajista zan iya shiga matsala, shi kuma maigidan ya ce ba ya son a dinga shigo masa gida ana bincike. Dan Allah ya zan yi?
Daga wata 'yar'uwa a Mancesta

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Wadda ta faɗa miki haka ta yi miki gata, gaskiya ta faɗa. Dokar Ingila ita ce duk wanda zai kula da yaro ɗan ƙasa da shekara 8 a gidansa, fiye da awa 2 a rana, kuma ana biyansa, to dole ya yi rajista da hukumar Ofsted, mai sa ido kan makarantu da wuraren rainon yara, ko da ɗaya daga kamfanonin da aka ba izinin yi wa masu raino rajista. Ɗan wani abun nan da suke ba ki ƙarshen sati biya ne a idon doka ko da ba ku kira shi haka ba. Ofsted in ta ji labari za ta aiko miki takardar ki daina, in kika ci gaba ya zama laifi da tara a kai. Amma ni ba tarar ce ta fi damuna ba, abin da nake jiye miki shi ne ranar da yaro zai faɗo daga bene ko abinci ya shaƙe shi, Allah ya kiyaye, a kai shi asibiti a tambaya a hannun wa yake, ga ki ba rajista ba inshora kuma zamanki a ƙasar da biza ne. Ki dakatar da karɓar yaran nan tukuna, na san da nauyi ki faɗa musu amma ki faɗa.

Kafin komai ki duba sharuɗan bizarki. Matar da ta biyo miji mai bizar aiki yawanci an yarda ta yi sana'ar kanta, amma wadda take kan bizar ɗalibta ba a yarda mata ba sam, kuma raino a gida sana'ar kai ce.

Sai maganar maigida, kuma a nan nake so ki natsu, don ba za ki iya yin abin nan a bayan idonsa ba ko da kin so. Duk wanda ya kai shekara 16 a gidan, shi da ke da duk wani ƙani ko ɗan riƙo da ke zaune da ku, sai an yi masa binciken DBS mai zurfi, wato a duba ko yana da tarihin laifi. Tunda aikin asibiti yake yi ai ya san DBS, an yi masa kafin ya fara aiki, ki nuna masa irinsa ne za a sake yi don Ofsted. Kuma tunda ba ku cika shekara 5 da zuwa ba, to za a nemi takardar shaidar kyawun hali daga ƙasar da kuka baro, ku biyun, wannan ita ce take cin lokaci shi ya sa nake cewa ki fara nemanta tun yau. Shigowa gida kuwa eh za a shigo, jami'i zai zo kafin a ba ki rajista ya ga ɗakunan da yara za su zauna, ya yi miki tambayoyi, bayan kin fara ma za su dawo su ga yadda kike aiki. Wurin yara suke dubawa, ƙofar bene da inda kike ajiye magani da sinadarin wanke-wanke da wuƙaƙe da wajen barci. In gidan haya kuke ki nemi izinin mai gidan a rubuce, kar ki tsaya a kan ya ce miki ba komai ta waya.

Sauran abubuwan ba su da wuya. Kwas na taimakon gaggawa na yara, awa 12 ne kuma ana sabuntawa duk shekara 3, da horo kan kare yara daga cutarwa, da fom na lafiyarki wanda likitanku zai cike ɓangarensa kuma yawanci sai kin biya shi, da mutum biyu da za su shaide ki, da inshorar da za ta tsaya miki in wani abu ya samu yaro a hannunki. Kuɗin rajistar masu rainon ƙananan yara fam 35 ne a shekara. Ki sa ran wajen sati 12 daga ranar da kika tura komai, in takarda ɗaya ta maƙale ya fi haka.

Yanzu zo mu ƙirga yara, don nan ne mata da yawa lissafinsu yake rushewa. Iyakarki yara 6 'yan ƙasa da shekara 8, a cikinsu 3 kawai ne za su zama ƙananan da ba su kai shiga makaranta ba, a cikin ukun nan kuma jariri ɗan ƙasa da shekara 1 ɗaya tak. Kuma naki na cikin lissafin. Wato 'yarki mai 6 da ɗanki mai 2 sun ci gurbi biyu, saura 4, kuma a ƙananan 2 kawai ya rage miki tunda ɗanki ya riƙe ɗaya. To in yaran matan nan uku duk ƙanana ne kin ga ta ukun ba ta da wuri, sai dai ƙa'idar tana da ɗan sassauci a wasu lokuta kamar na 'yan gida ɗaya. Sauran gurbi biyun na 'yan makaranta ne da za ki kai da safe ki ɗauko da yamma, kuma kar ki raina su, kuɗi ne mai kyau a awanni kaɗan.

Akwai littafin ƙa'ida da ake kira EYFS, tun Janairun 2024 masu raino a gida suna da nasu daban, kyauta ne a shafin gwamnati, ki sauke ki karanta shi sau biyu sau uku don daga cikinsa za a yi miki tambayoyi. Ya raba koyon yaro gida 7, magana da motsa jiki da zama da mutane da sauransu, kuma duk yaron da ke tsakanin shekara 2 da 3 sai kin rubuta wa iyayensa taƙaitaccen bayanin ci gabansa. Kuma dole Turancinki ya isa ki rubuta bayani, ki karanta takardar magani, ki kira motar asibiti.

Abu ɗaya zan faɗa miki ba kwana-kwana. Babu duka, babu ranƙwashi, babu jan kunne, ko barazanar za ki doke shi an hana, kuma ko uwar yaro ta ce miki in ya yi ba daidai ba ki zane shi, wannan izinin nata ba zai cece ki ba. Wannan ya hau kan kowa a gidan har maigida. Ki koyi janye hankalin yaro da zaunar da shi kusa da ke har ya huce.

Ribar rajista kuwa a aljihun iyayen za ki gan ta. Daga Satumban 2025 iyaye masu aiki da suka cancanta suna samun awa 30 a sati na raino da gwamnati ke biya tun yaro yana wata 9, sati 38 a shekara, ga tsarin Tax-Free Childcare da in uwa ta zuba fam 8 gwamnati ta ƙara fam 2 har zuwa fam 2,000 a shekara kan kowane yaro, ga tallafin masu ƙaramin ƙarfi na Universal Credit da ke mayar da har kashi 85 cikin 100 na kuɗin raino. Duk waɗannan sai a wajen mai rajista ake cin su. Ƙawayenki dai su duba ko bizarsu ta ba su dama don da yawa an rubuta musu ba su da haƙƙin tallafin gwamnati, amma maƙwabtanki da suka cancanta ke za su nema.

Ki yi rajista da hukumar haraji ta HMRC a matsayin mai sana'ar kanta, ki adana rasit na abinci da kayan wasa da wuta don ana cirewa kafin a yanka miki haraji. Kuma dan Allah ki rubuta yarjejeniya da kowace uwa ko da aminiyarki ce, nawa ne awa, yaushe ake biya, in ta makara ɗaukar yaro fa, in yaro ba lafiya bai zo ba fa, in za ki tafi hutu fa. Kunya ce take kashe wannan sana'ar a tsakaninmu, a yi wata biyu ba a biya ki ba ki kasa buɗe baki.

TAMBAYA: Anti ni a Gilasgo nake, jikokina biyu nake riƙe wa 'yata tana ɗan ba ni na kashewa, ni ma sai na yi rajistar?
Daga wata kaka

AMSA: Hajiya ina gaisuwa, Allah ya raya su. A'a, kaka da ke riƙe jikokinta ba ta buƙatar rajista. Ranar da kika fara karɓar yaran waje da kuɗi ne maganar ta canza, kuma ku a Sikotilan ba Ofsted ke yi muku ba, Care Inspectorate ce, binciken laifi kuma ta tsarin PVG ake yi, ƙa'idar yawan yara ma tasu daban ce da wadda na lissafa a sama, sai a duba shafinsu kafin a karɓi ko yaro ɗaya.