Ku Tambaya Mu Amsa: Me ya sa gilashin kukar lantarki baya fashewa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni dai abin nan na ɗaure min kai, kofin gilashi kina zuba mai ruwan zafi sai kiji ƙas ya tsage, amma baƙin gilashin nan na saman kukar lantarki sai ya yi jawur ruwan sanyi ya zubo mai ko gezau. Ba duk gilashi bane? Daga wata uwargida a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. A ido gilashi ne, amma kusan kashi 70 cikin 100 na jikinsa ƙananan ƙwayoyin kiristal ne, shi yasa ake ce mai gilashin tangaran. Kuma bisa tsautsayi aka gano shi. A 1953 wani masani Donald Stookey na kamfanin Corning a Amurka ya sa farantin gilashi a murhun gwaji da nufin zafi ya tsaya digiri 600, na'urar ta lalace ya haura 900, da ya ciro sai ya ga ya koma fari kamar madara, ya suɓuce mai ya faɗi ƙasa bai fashe ba.

To duk maganar a kayan haɗin take. Kofinki yashi ne da soda da farar ƙasa, in zafi ya taɓa cikinsa sai cikin ya buɗe bayan kuma bai buɗe ba tukuna, shikenan ya tsage. Na kukar kuwa sinadarin litiyam ake haɗawa da wasu sinadarai, alumina da silika, kuma kiristal ɗin da wannan haɗin ke haifarwa wani irin hali gare shi, in ya ji zafi ɗan tsukewa yake, ragowar gilashin dake kewaye da shi kuma ya buɗe, sai su kashe juna, farantin kusan baya motsi sam. Dalilin kenan da kamfanin Schott na Jamus ke yin madubin manyan na'urorin hangen taurari da irinsa mai suna Zerodur.

Amma ni abin da ya fi burge ni shine ɗan mitsitsin sinadaran titaniyam da zirkoniyam da ake zubawa a haɗin. In babu su kiristal daga fatar gilashin zai fara tsirowa, manya manya ba tsari, kayan ya lalace. Su ne iri, su ke sa ƙwayoyi bila adadin su tsiro ko'ina a lokaci ɗaya, kowacce ta takure 'yar uwarta ba wadda ta kai nanomita 100 (sai an raba milimita gida miliyan ake samun nanomita ɗaya), shi yasa haske ke ratsawa har kike hango jan wutar ta ƙasa, baƙin nan kala ce kawai aka ƙara. In aka ƙara mai wuta sosai wurin ƙera shi ƙwayoyin su rikiɗe su girma sai ya koma fari, baki ganin komai ta cikinsa.

A canja haɗin kuma a sami wani abu daban, a rage alumina a sa fosfarus ya zama iri, sai ƙwayoyin su fito zara zara su sarƙe da juna, wannan shi likitocin haƙori ke rufe haƙori da shi saboda tsagewa bata samun hanyar wucewa.

Sai dai fa Hajiya zafi yake jurewa ba duka ba, ki daina dire mai tukunyar ƙarfe da ƙarfi, kuma in sukari ya narke a kai ki kankare tun da zafinsa, in ya huce a wurin ɓantarar fuskar yake.